Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Tiya Uku a Ƙarƙashin Gado

Makon jiya na tsaya a inda muka tare a gidan haya a unguwar Zariya ta Maraɗi, ɗaki biyu da rumfa, da 'ya'yanmu uku. Yau zan shiga shekarar 2005, wadda duk ɗan Maraɗi da ya yi wayo a lokacin ba sai an tuna masa da ita ba. Ruwan damanar 2004 ya ɗauke da wuri, fara kuma ta sauka a wasu yankunan. Kafin a kai ga sabuwar shuka, hatsi ya yi tsadar da talaka sai dai ya kalla. Kullum za ka ga matan ƙauye goye da yara masu tamowa, sun nufi cibiyar MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa.

Maigidana tela ne, mai jin yunwa kuwa ba ya kawo ɗinki. Ɗan ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da nake yi, shi ke riƙe da gidan.

Tun ranar da aka kai ni, ba mu taɓa kwanciya ba mu yi addu'ar iyali ba. A shimfiɗa tabarma, a kunna fitilar ƙwai, a yi waƙa ɗaya, ya karanta Littafi Mai Tsarki, sannan kowa ya yi addu'a har ƙaramin cikinmu. Wurin mahaifinsa ya gaji wannan, wanda ya ba da gaskiya lokacin da yake jinyar kuturta a asibitin mishan na Danja.

Ana cikin wannan hali sai ga gwaggonsa daga wajen Dakoro da jikoki biyu. Musulma ce, mai yawan ibada. Maigida ya tarbe ta hannu biyu-biyu, ni kuwa gabana ya faɗi, don baki biyar sun zama takwas. Da dare na auni tiya uku na hatsi, na zuba a tsohon bokiti, na tura can ƙarƙashin gado. Na ce wa maigida abin da ya rage na kwana biyu ne. Kunun safe ma na riƙa tsinka shi da ruwa.

A dare na uku karatu ya kawo mu 1 Sarakuna sura 17, labarin gwauruwar Zarefat da ta ciyar da annabi Iliya da ɗan garinta na ƙarshe. Yana rufe baki sai 'yata mai shekara shida ta ɗaga kai da murna ta ce, “Baba, mu ma namu ba zai ƙare ba, akwai wanda Mama ta ajiye ƙarƙashin gado.”

Ba tona mini asiri take nufi ba. Ita a ganinta albishir ta kawo.

Wurin ya yi tsit. Gwaggo na bakin ƙofa kan sallayarta, carbi ya tsaya a hannunta. Maigida bai dube ni ba, ya dai rufe littafin a hankali. Na tashi ƙafafuna na rawa, na jawo bokitin na dire a tsakiyar tabarma, na durƙusa.

“Gwaggo, ki gafarce ni.”

“Tashi, 'yata. Ke uwa ce.” Sai ta kwance bakin zanenta, ga ɗan ƙullin garin gero. “Ni ma na jikokina ne, ban nuna miki ba.” Ta zazzage shi cikin bokitin.

Har yau ban ga laifin tsoron da na ji ba, uwa ba ta iya kallon ɗanta yana ramewa. Ƙaryar ce ta dame ni, don ni ce nake koya wa yaran nan kada su yi ta. Saboda haka a gabansu na juya na ce, “Maigida, na yi maka ƙarya, ka yafe mini.” Ya ce shi ma da nasa laifin, ya karɓi baƙi bai zauna da ni mun duba abin da ke cikin buhu ba. Ɗan farinmu ya zuba mana ido, bai taɓa jin babansa ya nemi gafara ba.

Hatsin bai ƙaru ba. Kwana huɗu muka yi da shi ya ƙare ƙaf. Ranar da na kankare gindin bokitin, maigida ya ɗora kan keken ɗinkinsa bisa kabu-kabu ya nufi Babbar Kasuwa. Abin da ya faru kafin ya isa, da yadda matan Zumunta na ikilisiyarmu suka shigo cikin maganar, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.