Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Tsohon nan na Alabama

Wancan makon na tsaya a inda na sauka birnin Baltimore na Amurka da jaka ɗaya da lambar wayar Kawu. Niyyata in ba ku labarin ɗakin da muka cunkushe mu huɗu, amma tun ranar Talata tsohon nan na Alabama ya tsaya mini a rai. Ɗakin zai jira.

A 1987 ne, ina lodi a wani sito na kayan ɗaki. Shugabanmu, wanda ba zan kama sunansa ba, ya kira ni ya ce in na sake fita ranar Juma'a da azahar, kada in dawo. Na zagaya bayan sito na zauna a kan kwali, ina lissafin kuɗin haya da kuɗin da Inna ke jira a Fagge. Sai ga tsohon ya kashe motar ɗaga kaya ya sauko. Baƙar fata ne, ya haura sittin, gurasa da man gyaɗa kullum a aljihun rigarsa. Ya ce, "Ɗana, wa ya mutu?" Da na faɗa masa, ya ce in tashi in karkaɗe wandona, ai akwai doka.

Marigayi Baba yakan ce, in ka tarar da hanya a share, ka tambayi wanda ƙaya ta soka. Ina yaro na ɗauka zancen gona yake yi.

Dokar da tsohon ke nufi ita ce ta 'yancin jama'a wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 2 ga Yuli, 1964. Sashe na bakwai ya hana mai ɗaukar aiki nuna bambanci saboda launi, ko addini, ko jinsi, ko ƙasar da mutum ya fito. A 1972 aka ƙara cewa sai ya nema wa ma'aikaci hanyar yin ibadarsa, in dai ba za ta ɗora wa aikin nauyin da ya wuce kima ba. Ko lauya ba mu je wurinsa ba. Tsohon ya raka ni ofis, ya tsaya a bakin ƙofa hularsa a hannu, ya ambaci sashen sau ɗaya. Aka daidaita: in je Juma'a, in rama awa biyun ranar Asabar da safe. Shugaban bai ƙara amsa gaisuwata ba har na bar wurin, kuma ban rame ba.

Abin da ke cin raina shi ne, kafin ranar ina cikin masu zama a ƙofar masallaci ana cewa baƙaƙen Amurka ba sa son aiki, mu ne muka zo da zuciya. Har yau akwai masu faɗa, sun san kansu, wasu ma ni na ɗauko su daga filin jirgi. Wa ya buɗe musu ƙofar? Sai a 1965 aka soke tsarin kason shiga ƙasar da ya fifita Turawan arewacin Turai, kuma guguwar gwagwarmayar baƙaƙen ce ta kaɗo shi. Da wancan tsarin na nan, ban ga ta inda matata Hajiya za ta biyo ni ba, balle Inna ta zo ganin jikoki.

Wata rana ya rage mini hanya muka bi titi mai lamba 40. Ya nuna mini gefen hanya ya ce a kan wannan titin, a 1961, aka hana jakadan Chadi zama a gidan abinci saboda launin fatarsa. Jakada guda, da takardunsa! Shi kuwa tsohon, sai da ya haura arba'in ya fara jefa ƙuri'a, bayan dukan da aka yi wa masu macin neman 'yancin zaɓe a gadar garin Selma da ke jihar Alabama ranar 7 ga Maris, 1965, da dokar zaɓe da ta biyo baya a watan Agusta. Kafin nan duk zuwan da ya yi rajista, jarrabawar karatu ake ƙaƙaba masa a ce ya faɗi. Ya ba ni labarin yana cin gurasarsa, kamar mai zancen ruwan sama.

A 2013 da Kotun Ƙoli ta rushe wani ginshiƙi na dokar zaɓen, shi na fara tunawa. Lokacin ya daɗe da rasuwa. Ban je jana'izarsa ba, ina tuƙa tasi a lokacin, na ce ranar ciniki ce. Ƙayar da Baba ke faɗa ke nan, na taka hanyar na wuce ban waiwaya ba.

Autata yanzu tana aikin jinya da hijabinta, ba wanda ya isa ya ce ta cire. Da na ba ta wannan labarin sai ta tambaye ni sunan jikokinsa, wai tana so ta neme su. Na buɗe baki, na tarar ko sunan matarsa ban taɓa tambaya ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, sai mu koma ɗakin nan da rikicin tukunyar Kawu.