Yadda na gina bishiyar dangantakar ƙwayar cutar Lassa

Ƙwayar cutar Lassa, wadda aka fara ganowa a 1969 a garin Lassa da ke jihar Borno a yau, kundin gadonta na halitta, wanda ake rubutawa a matsayin jerin haruffa, kashi biyu ne: ɓangaren S mai haruffa kusan 3,400, da ɓangaren L mai kusan 7,200. Na sauko da jerin haruffan daga GenBank, rumbun intanet da masu bincike ke ajiye irin waɗannan jerin, na ware kowane ɓangare daban, domin ƙwayoyi biyu da suka haɗu a jiki ɗaya suna iya musayar ɓangare. Wanda ya liƙa S da L wuri guda ya cakuɗa tarihi biyu ke nan.

Na daidaita jerin da manhajar MAFFT, na gina bishiyar, wato zanen da ke nuna dangantakar samfuran, da manhajar IQ-TREE, na bar ModelFinder da ke cikinta ya zaɓi tsarin sauyin haruffa, da maimaicin gwaji sau 1,000. Sai ga wasu samfura sun fito a kan wani dogon reshe, can gefe, kamar sabon dangi. Da na buɗe jerin a AliView, manhajar da ke nuna kowane harafi da launinsa, launukan layukansu sun saɓa wa na sauran tun daga farko har ƙarshe. Dalilin kuwa shi ne, a ɓangaren S ana karanta sassansa biyu masu bayar da umarnin haɗa furotin, wato NP da GPC, ne ta fuskoki biyu masu kishiyantar juna, don haka wasu masu ajiye bayanai suna shigar da jerin a juye. Na sake gudanar da MAFFT da umarnin --adjustdirection mai gyara fuskar jerin, reshen ya ɓace, samfuran suka koma cikin danginsu.

Daga nan na zubar da duk jerin da harafin N, alamar gurbin da ba a iya karantawa ba, ya wuce kashi 10 cikin ɗari. Na kuma rage maimaicin nau'in Josiah, wanda aka samo a Saliyo a 1976, don yana nan ƙarƙashin lambobin rajista da dama a GenBank, kuma ya daɗe ana rainonsa a ɗakin gwaji.

Kafin in taɓa BEAST, manhajar da ke ƙiyasta shekarun rassan bishiya, sai da na duba da manhajar TempEst, in ga ko nisan kowane samfuri daga tushe yana tafiya da shekarar ɗaukarsa. Waɗanda suka kauce, na koma na bincika kwanan watansu, domin akan rubuta shekarar shigarwa a madadin ta ɗauka.

Tsaftatacciyar bishiyar ta raba dangi na II na kudancin Najeriya da na III na tsakiya da arewa. Samfuran majinyatan ɓarkewar cutar ta 2018 a Najeriya kuma ba su taru a reshe ɗaya ba, sun warwatsu. Wannan na nuna cutar tana tsallakowa ne daga ɓeraye sau da yawa, fiye da yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, abin da ke mayar da hankali kan rumbun hatsi da abincin da ake shanyawa a ƙasa.