Hawan Dutsen Daulatabad

Daulatabad tana da nisan kimanin kilomita 15 daga birnin Aurangabad (wanda aka sauya wa suna zuwa Chhatrapati Sambhajinagar a 2023), a jihar Maharashtra ta ƙasar Indiya, kuma tun daga kan titi na hango dutsen, mai tsayin kusan mita 200, wanda aka sassaƙe gindinsa har ya miƙe sak kamar bango. Sarakunan Yadawa ne suka kafa garin a ƙarni na 12 da sunan Dewagiri, sannan a shekarar 1327 Sarki Muhammad bin Tughluk ya mayar da fadar mulkinsa nan daga Delhi, ya tilasta wa jama'a yin ƙaura, ya kuma sauya wa garin suna. Ibn Battuta, matafiyin nan ɗan Maroko, wanda daga baya ya ambaci Gobir sa'ad da yake bayanin tagullar Takedda, ya taka wannan ƙasa.

Na ratsa ganuwa bayan ganuwa ta ƙofofin da aka kafa wa tsinin ƙarfe domin kada giwayen abokan gaba su banke su, na wuce hasumiyar Chand Minar, na tsaya a kangon Chini Mahal, inda Aurangzeb, sarkin daular Mughal, ya tsare sarkin Golkonda na ƙarshe bayan ya ci garinsa a 1687. Daga nan sai gwalalo mai zurfi, sai kuma hanyar da suke kira Andheri, wadda aka huda cikin dutse, mai tsananin duhu da warin jemagu, mai lanƙwasa da aka yi da gangan domin a ɓatar da maharin da bai san wurin ba. Da hasken waya na bi ta, ina dafa bango.

Abin da ya fi tsaya mini a rai yana can sama. Bayan doguwar matakala da ta sa gwiwoyina rawa, na iso Baradari, ginin da ake dangantawa da Sarki Shah Jahan, mahaifin Aurangzeb, bayan Mughal sun karɓe dutsen a 1633. Duk abin da na baro a ƙasa tsoro ne ya gina shi, amma wannan an yi shi domin hutawa: baranda mai kusurwa takwas, bakunan ƙofofi a buɗe, iska na shiga ta kowane gefe, ganuwoyin garin kuwa duk ga su a shimfiɗe ƙarƙashin ido. Ya dame ni matuƙa ganin yadda masu ziyara suka karce sunayensu a jikin farar ƙasar bangon, domin irin wannan shafe, idan ya lalace, gyaransa yana da wuya.