Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Miyar da Aka Ɗora Mini Laifinta

Makon jiya na tsaya a inda aka kai ni ɗakin miji a Idi-Araba, kuma na yi niyyar wucewa zuwa haihuwar fari. To amma akwai maganar da ta tokare mini wuya shekara da shekaru, idan ban sauke ta ba sauran labarin ba zai fito daidai ba.

Kun riga kun san Goggo ce ta riƙe ni a Agege bayan rasuwar Inna. Sana'arta goro. Takan bi ƙauyukan wajen Ota da Ifo tana sari a hannun manoma Yarabawa, a wanke, a jera cikin ganye, a ɗaure huhu, a ɗora a jirgin ƙasa sai Kano. A wurin matan ƙauyukan nan ta koyi cin naman kaza, wato tsiron nan mai kama da laima, wanda su suke kira olu. Iri ɗaya tak take tsinta, mai fitowa a jikin suri ko kusa da shi idan damina ta kankama. Gara ce ke nome shi a cikin gidanta, shi ya sa ba a samunsa ko'ina.

Goggo ba ta fizgar naman kaza. Durƙusawa take yi, ta sa guntun icce ta tona ƙasar a hankali har saiwar ta fito, doguwa siririya kamar wutsiyar ɓera, wadda ta nutsa can cikin gidan garar. Sai ta kama ɗan yatsana ta ɗora a tsakiyar hular in ji tsinin nan mai tauri da ya huda ƙasa ya fito. Sannan ta juya shi ta duba ƙarƙashi. Idan abu ɗaya bai yi mata ba, jefarwa take, ko da kwandon babu komai. Kullum maganarta ɗaya: “Abin da ba ki ga tushensa ba, kada ki kai shi tukunya.”

Gidan mijina ba su san wannan ba. Ranar da Goggo ta aiko mini da shi na zuba a miyar agushi, Hajiya uwar mijina ta leƙa tukunyar ta ce, “Yarinyar Agege, har laimar kwaɗi kike ci? Allah ya kyauta.” Facalata ta yi dariya har da tafa hannu. Na haɗiye. Amma da daddare ita facalar ce ta aiko yaro da kwano a sam mata, kuma tun daga lokacin duk daminar da Goggo ta aiko, sai ta ci.

Shekaru suka tafi. Daminar 2002 ce, shekarar da bama-bamai suka tashi a barikin sojoji na Ikeja, aka kuma yi rikicin unguwarmu da ya raba mu da barci. Wancan labari ne na wani makon. Mijin facalata yana gadi a wani gida a Ikeja mai filin ciyawa. Ɗanta ya kai wa uban abinci, ya ga farare manya sun fito a da'ira cikin ciyawar, ya cika leda ya kawo gida. Ina kasuwa a ranar. Ba ta jira ni ba, ba ta tambayi kowa ba, ta yanka ta zuba a miya.

Kafin la'asar ita da 'ya'yanta biyu suna amai da gudawa. Na dawo na tarar Hajiya na ɗura musu manja. Na nufi kwandon shara na zaro ragowar. Hula fara mai ɓawo-ɓawo, zobe a wuyan sandar, babu tsini, babu saiwa. Na juya mafi tsufa a cikinsu, ƙarƙashin ya fara komawa kore-kore. Wannan irin yana son ciyawar da ake yankewa ana ba ta ruwa, kuma yana ƙarami ƙarƙashinsa fari ne tas, nan yake yaudarar mutane.

Na ce, “Hajiya, manja ba ya kashe wannan dafin. A kai su asibiti yanzu.” Ta ce wa ya tambaye ni. Ni na fita na tsayar da mota, ni na ƙulle ragowar a leda na miƙa wa likita, ni na kwana a kan benci ana yi musu ƙarin ruwa. Allah ya tashi kafaɗunsu.

Amma da aka dawo gida, me aka ce? Wai ni na shigo da abincin daji gidan. Wai da ban koya musu ba, da ba su ci ba. Facalata ta faɗa a gaban 'yan dubiya, “Amarya, ai ke muka gani kina ci.” Na ce, “Yaya, kin taɓa ganin na tsinto a ciyawa? Kin taɓa ganin na dafa wanda ban ga tushensa ba?” Ba ta amsa ba. Har yau, idan aka taru biki ko suna, sai wani ya jefo maganar miyar Amarya.

Daga baya 'yata da ta karanci aikin jinya ta ƙara mini sani, kuma sai na ƙara girmama Goggo. Ta ce sun ma yi sa'a da abin ya kama su da wuri. Akwai wasu daga dangin da ake kira Amanita, masu 'yar jaka a ƙasan sandar, a binne cikin ƙasa, wanda ya fizga ba zai gan ta ba. Su sai bayan awa 6 zuwa 24 ciwon ke farawa, mutum ya ɗan ji sauƙi ya ɗauka ya warke, alhali hanta ce ke lalacewa. Dafuwa ba ta kashe dafinsu, shanyawa ma haka. Zancen jefa cokalin azurfa ko albasa a ga ko za su yi baƙi, da cewa duk wanda ƙwari suka ci mutum ma zai iya ci, duk ba gaskiya ba ne. Goggo ba ta taɓa shiga aji ba, amma tonon da take yi da guntun icce wannan jakar yake tona wa asiri. Ta san iri ɗaya, ta tsaya a kansa.

Ranar da za a ɗaura mini aure ma Goggo ta maimaita wa Baffa maganar tushe da tukunya, don ba ta gamsu da binciken da aka yi a kan gidan mijin ba. Ba a saurare ta ba.

Yanzu gonakin da muke bi duk sun zama gidaje, suri ya yi wuyar gani. Idan na yi marmari, na noma nake saye, wanda ake shukawa a buhun garin katako, irin noman da cibiyar bincike ta FIIRO da ke Oshodi ke koyar da mutane. Jikokina kuwa na hana su taɓa duk abin da ya fito a ciyawa ko bakin kwata.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin haihuwar fari, da abin da Hajiya ta yi ranar suna.