Godiya Bayan Aikin Dasashi Karo Na Uku

Alhamdulillahi, jiya aka warware mini ɗinki, kuma yau ce rana ta farko cikin wata 5 da na goge bakina ban ga jini a jikin buroshi ba. Kun san yadda tsiron nan ya fito mini a dasashi tun ina da cikin Auta, aka cire ya dawo, aka sake cirewa ya sake dawowa, don haka ba sai na maimaita ba.

Abin da ke tsaye a raina shi ne ranar karɓar sakamakon naman da aka kai ɗakin gwaji. Kwana 14 na yi ina jira, kuma a duk daren Allah sai na tashi na zuba wa yarana ido suna barci, domin na riga na yanke wa kaina cewa abin da ke fitowa sau uku ba zai wuce ciwon daji ba. Likitan haƙorin ya hango ni a bakin ƙofa, ƙafafuna suna rawa, tun ban kai ga kujera ba ya ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, ba daji ba ne." Sai da na gama kukana, bai katse ni ba, sannan ya bayyana mini cewa dattin da ke daskarewa a gindin haƙori ne ke tunzura dasashi, juna biyu kuma kan ƙara wa abin ƙarfi, kuma idan aka bar saiwarsa yana iya komawa. Shi ya sa wannan karon ya yanke har kan ƙashi, ya kankare haƙoran da ke gefen. Allah Ya saka masa da Aljanna, Ya jiƙan magabatansa.

Yaya Babba, na san ba kya son a ambace ki, amma ki yi haƙuri, ke kika riƙe mini yara, kika dama mini kunu kullum lokacin da ba na iya tauna. Maƙwabcinmu mai adaidaita da ya kai mu asibiti da ƙarfe 2 na dare, ranar da jini ya ƙi tsayawa, ya kuma ƙi karɓar ko sisi, Allah Ya buɗa masa, Ya tsare shi a kan titi, Ya raya masa zuri'a. Maigida kuwa, bakina ya yi kaɗan.

Dangin da suka aiko cewa jifa ne amma ba su leƙo ba, saƙonsu ya iso, mun gode.

Har yanzu ina kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, kuma zan koma a duba wurin bayan wata 3. Ku ci gaba da sa ni a addu'a.