Kwamfuta ɗaya, wayoyi rututu: abin da nake gaya wa yaran shago

Duk mai ɗaukar hoto da bidiyo a bukukuwan Jos ya san aikin ba ya ƙarewa a kyamara. Washegarin walima za a kawo maka wayar amarya, da ta ƙanwarta da ta ɗauki kamu a inda namiji ba ya shiga, da ta abokin ango, a ce a tattara komai a yi albam. Ga katin kyamararka, ga hadis ɗin ajiya, wato "hard disk", kwamfutar kuma ɗaya ce tal, ita ma 'yar gwanjo. Ku ƙannena masu shigowa wannan sana'a, da masu shagon tura karatu da waƙa a Bauchi Road da Terminus, ku riƙe wannan tun yanzu: na'urar da ta ƙi haɗuwa lokacinka kawai take ci. Asarar da na taɓa jawo wa mutane kuwa, duk bayan an haɗu lafiya na yi ta, hannuna na rawa a kan maus.

Amma mu fara da ƙin haɗuwar, tunda ita ke sa mutum zufa ko a sanyin Disamba.

Na daɗe ina ɗora wa kwamfuta laifin da ba nata ba. Akwai lokacin da ta daina ganin wayoyi, na kai aka share Windows aka zuba sabuwa, manhajojin gyaran bidiyo da na sha wahala kafin in samu duk suka tafi. Na dawo shago na jona waya, shiru kake ji. Ashe kebul ne. Kebul na gaske siraran wayoyi huɗu ne a cikinsa, biyu na wuta, biyu na ɗaukar bayanai. Da yawa daga cikin waɗanda ke zuwa da fitila mai caji ko fawabanki na wutar kaɗai aka sa musu. Ka samu wanda ya lalace ka yanka ka duba: ja da baƙi za ka gani, babu fari da kore. Abin da ke ruɗar mutum shi ne waya za ta nuna tana caji, sai ka rantse kebul lafiyarsa lau. Yanzu duk wanda na gwada na ga yana tura fayil, salatif ja nake naɗa masa a wuya, kuma ba ya fita shagon ko wa ya zo aro.

Bayan kebul sai ramin cajin wayar. Ƙurar hunturu da gashin aljihu suna taruwa a can ciki su danƙare, kan kebul ya kasa kaiwa ƙarshe. Kashe wayar, ka sa tsinken sakace a hankali ka zaro dattin. Ban da allura, ƙarfe ne, zai iya lanƙwasa ko haɗa 'yan haƙoran da ke ciki.

Sai ita wayar kanta. Tun Android 6 na 2015, in ka jona waya caji kawai take yi har sai ka ba ta izini. Sai an buɗe makullinta, an ja allo daga sama, an taɓa sanarwar USB, an zaɓi "File transfer". In tana kulle, kwamfuta za ta nuna sunanta amma ka shiga ka tarar wayam. Sau da yawa mai waya ta ajiye ta tafi kasuwa, ni kuma ina nan ina kokawa da saiti, alhali abin da ya kamata in ce tun farko shi ne, "Hajiya, a taimaka a buɗe min ita kafin a tafi." Ita kuwa iPhone tun 2013 take tambaya ko an yarda da wannan kwamfutar. Sai mai ita ya danna "Trust" ya sa lambobinsa. In ya ƙi bisa kuskure, zare ka sake jonawa, za ta kuma tambaya. A Windows tana buƙatar iTunes ko manhajar Apple Devices kafin ta yi cikakken aiki, a Mac kuma tun 2019 cikin Finder, manhajar duba fayiloli, ake ganinta. Idan kwafin hotunanta na yankewa a tsakiya da saƙon cewa an kasa kaiwa ga na'urar, shiga saitin hotuna a wayar ka zaɓi "Keep Originals". Wayar ce ke ƙoƙarin sauya wa kowane hoto tsari a lokacin da ake kwafa, sai aikin ya yi mata yawa.

Duk wannan a kan na'ura ɗaya ke nan. In suka yi yawa, maganar ta koma ta wuta, kuma nan ne na fi daɗewa ban gane ba.

Na sayi 'yar mahaɗar nan mai baki huɗu, na jona wayoyi biyu da katin kyamara da hadis, na gyara zama. Can sai kwamfuta ta fara ƙarar nan ta shiga da fita, wannan ta ɓace, waccan ta dawo, hadis yana ƙas-ƙas a hankali. Lissafin ba shi da wuya. Ramin USB 2.0 wutar da aka tsara ya bayar miliamfiya 500 ce, na USB 3.0, wanda galibi cikinsa shuɗi ne, 900. Mahaɗar da ba ta da cajarta ba ta ƙirƙirar wuta, abin da rami ɗaya ya bayar shi take raba wa baki huɗu. Hadis mai faifai a ciki shi kaɗai yana neman kusan duka lokacin da zai tashi, ga wayoyi kuma kowace tana jan caji. Ƙas-ƙas ɗin nan faifai ne ke son juyawa wuta ba ta ishe shi ba, kuma in ana cikin rubutu a kansa ya yanke, fayil na iya lalacewa. Saboda haka hadis ya samu raminsa shi kaɗai a jikin kwamfuta. In ta tebur ce, ramukan baya sun fi na gaba aminci, don a jikin babban allon da ke cikin kwamfutar, wato "motherboard", suke kai tsaye. In dole sai da mahaɗa, sayi wadda ake jona wa wutar soket, ko da ta fi tsada.

Jona su duka a lokaci guda ma ba ya ƙara sauri yadda ake zato. Mahaɗar USB 2.0 megabit 480 a daƙiƙa take da shi gaba ɗaya, shi duk na'urorin za su raba. Yawancin wayoyin da ake kawo mana kuma, ko da ramin Type-C gare su, gudun USB 2.0 suke yi. Sannan hanyar da Android ke bi wajen tura fayil, wadda ake kira MTP, aiki ɗaya take yi a lokaci guda. Ka fara kwafa daga waya, ka koma ka buɗe wata folda a cikinta, sai tagar ta sandare ka ce kwamfuta ta mutu. Ba ta mutu ba, layi take bi. Ka bar ta ta gama.

Wani abin da na lura da shi: wayoyi sun fi yankewa bayan an ɗauke wuta, laftof ta koma kan batir. Windows na rage wa ramukan USB wuta don tattali. A Device Manager, inda Windows ke jera na'urorin da ke jikin kwamfuta, ƙarƙashin jerin USB, buɗe kowane "Root Hub" ka cire alamar da ke ba kwamfuta damar kashe shi.

Yadda nake bin matsala yanzu ba shi da wani armashi. Ina zare komai. Na'ura ɗaya, kebul mai jan salatif, rami a jikin kwamfuta. In ta hau, in ƙara ta biyu, har in kai ga wadda shigarta ke rikita sauran. In ba ta hau ba, abu ɗaya nake canzawa: rami, sannan kebul, sannan in gwada wayar a kwamfutar maƙwabci. A da sai in canza kebul da rami in kuma sake kunna kwamfuta a tashi guda, abu ya yi aiki ban san me ya gyara shi ba, gobe ya dawo in sake lalube daga farko.

Sai an wuce waɗannan duka ake maganar direba, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane na'ura. In ka ga alwatika mai ruwan ɗorawa a gefen sunan wayar cikin Device Manager, cire ta daga jerin, zare kebul, sake jonawa, Windows za ta ɗora mata da kanta. Kada ka bi shafukan da ke cewa sauke direba kyauta, ƙwayar cuta ake kwasowa a can. Ku duba kuma ko Windows ɗin da ta zo da laftof ɗinku tana da harafin N a ƙarshen sunanta. Irin wadda ake sayarwa a Turai ce, babu kayan sauti da bidiyo a cikinta, kuma ba ta ganin wayar Android sai an ƙara mata Media Feature Pack. Masu turawa ta iska da Xender ko Quick Share, ku tabbatar waya da kwamfuta suna kan Wi-Fi ɗaya, ku kashe VPN, yawanci iyakarta ke nan.

To, an haɗu. Yanzu ne ya kamata gabanka ya riƙa faɗuwa.

iPhone tana raɗa wa hotuna suna da lamba, daga IMG_0001 har 9999, sannan ta koma farko. Kyamarori ma haka suke yi da nasu haruffan. Ke nan wayoyi biyu na iya ɗauke da hotuna daban masu suna iri ɗaya. Wata rana na zuba hotunan wayar amarya a folda, na goge su daga wayar saboda ta ce wuri ya cika mata, sannan na zuba na ƙanwarta a kai. Kwamfuta ta yi tambaya, ban karanta ba, na danna "Replace" ga duka. Yaron shagona ne ya leƙo ya ce, "Oga, ai hotunan lallen ba su kai yadda muka gani ɗazu ba." Da uwar amarya ta zo na gaya mata gaskiya. Ta yi shiru, can ta ce, "Malam, har wanda ta ɗauka da kakarta?" Har shi. Ba ta yi faɗa ba, ta ce Allah Ya kiyaye gaba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Tun daga ranar kowace na'ura da foldarta, da sunan mai ita da kwanan wata. Kwafa nake yi, ba na yankowa. Ba na goge komai daga wayar mutum sai na gwada adadin fayilolin nan da na can, na buɗe wasu na gani, na kuma ajiye kwafi na biyu a hadis. In an miƙa aiki kuma an tabbatar ya isa, hotunan matan mutane ba sa kwana a kwamfutar da kowane yaro ke taɓawa.

Daidaitawa, wato abin da ke rubuce "Sync" a allo, ta fi wannan haɗari, domin mutane na ɗaukarta ajiya. Madubi ce, ba rumbu ba: abin da ka cire a nan zai fita a can. Na taɓa sa asusuna na Google a wayoyin shago don sauke manhajoji. Da za mu sayar da ɗaya, yaro ya bi lambobin da ke ciki ya goge su ɗaya bayan ɗaya don ya tsabtace ta. Kafin la'asar lambobin kwastomomina sun ɓace daga wayar aljihuna. Abin da ya cece ni shi ne lambobin da aka goge suna zama kwana 30 a kwandon shara na asusun kafin su tafi. Laifina ne, ba na yaron ba. Fitar da asusu ake fara yi, sannan a share waya. Wayoyin shago kuma a buɗe musu nasu asusun daban.

Haka in ka jona iPhone ɗin wani iTunes ta ce "Erase and Sync", kada ka kuskura. Tana nufin za ta cire waƙoƙi da karatun da ya zuba daga wata kwamfutar ta maye su da naka. Shiga saitin iTunes, sashen na'urori, ka hana ta daidaitawa da kanta, tun kafin wayar baƙo ta farko ta shigo.

Masu manhajar da ke daidaita folda da hadis, ku kula da haruffa. Windows na ba filash da kati da hadis harafi gwargwadon wanda ya riga shiga. Hadis ɗin da yake E jiya, yau in katin kyamara ya riga shi, katin ne E, manhajar kuma harafi ta sani, ba ta san kati ba. A Disk Management, sashen Windows mai kula da hadis da filash, ka ba hadis harafi na can ƙarshe, kamar X, wanda ba mai ƙwace masa. Ka duba agogon kwamfutar ma. Tsofaffin na gwanjo ƙaramin batirin da ke riƙe musu lokaci, mai kama da kwabo, yakan mutu, kwanan wata ya koma shekarun baya. Manhajar da ke zaɓen sabon fayil ta kwanan wata sai ta ɗauki aikin yau a matsayin tsoho ta danne shi da na makon jiya, intanet ma ta riƙa ƙin buɗe shafuka. A kwamfutar tebur CR2032 ne, ana samunsa wajen masu gyaran agogo.

Idan kuma bidiyon biki ya ƙi shiga filash alhali akwai wuri, duba tsarin filash ɗin. FAT32 ba ya karɓar fayil ɗaya da ya kai gigabait 4. Mayar da shi exFAT, amma ka kwashe abin da ke ciki tukuna, don sauyin share shi yake yi tas.