Zuwa Yauri Saboda Auta da Maganar Dolfin

Bidiyon bai kai minti biyu ba. Wani yaro Bature ne cikin ruwa shuɗi, wata dabba mai dogon baki da santsin jiki tana zagaya shi, uwarsa na gefe tana share hawaye. Ƙanwata ce ta turo mini shi daga Yauri da tsakar dare, ta biyo shi da saƙon murya: "Yaya, don Allah ka bincika mini wannan. In gaskiya ne, fadamar da Baba ya bar mini zan sayar."

Autanta shekararsa shida. Ba ya magana, ba ya haɗa ido da mutane, in aka tayar da injin niƙa a maƙwabta sai ya toshe kunnuwa ya durƙushe. Wani likita a Sakkwato ya ce otizim ne, abin da muke ji ana kira galahanga a rediyo. Kafin a kai ga likitan an sha rubutu, an yi turare, an yi ruƙiyya, an yanka abin yankawa. Yanzu kuma ga dolfin, dabbar cikin bidiyon, wai yin iyo da shi na warkar da yara masu irin wannan lalura.

Mako uku na yi ina karatu a kan abin, kullum in na taso daga makaranta. Da na gama sai na ga maganar ta fi ƙarfin waya. Wanda zai ce wa uwa ta ajiye abin da ta ɗora wa rai, ya kamata ya je ya zauna a tabarmarta.

Na shiga mota a Birnin Kebbi bayan sallar asuba, cikin bazara. Mun wuce Kalgo gari bai gama wayewa ba. A Jega muka tsaya, buhunan albasa jibge a bakin titi, aka shigo da wani dattijo da ƙafa ɗaure da kara da tsumma, daga wajen masu ɗorin Aliero yake. Na matsa masa ya miƙe ƙafar. Ya ce mini babur ne ya kayar da shi, yau kwana arba'in, har ya fara takawa. Na yi masa barka. Ni dai ban taɓa raina magani don kawai ba daga asibiti ya fito ba. Amma ƙashi, ko ya haɗu ko bai haɗu ba, ido na gani, ƙafa na shaida. Abin da na yi ta nema ke nan a maganar dolfin, shaidar da ido zai gani.

Daga Jega zuwa Koko hanya ce mai tsawo, sai na fito da littafin da na yi ta rubutu a ciki. Dolfin dai ba kifi ba ne, ko da yake siffarsa ta kifi ce. Haihuwa yake yi, ya shayar da nono, kuma dole ya taso sama ya shaƙi iska ta wata kafa a tsakiyar kansa. Yana aika sauti cikin ruwa, sautin ya bugi abu ya dawo masa, da haka yake gane abin da ke gabansa. A kan wannan sautin masu tallar suka kafa hujja, wai yana ratsa jikin yaro ya gyara ƙwaƙwalwa. Wasu masu bincike sun bi diddigin hakan a 2003, suka ga ɗan lokacin da yaro ke yi kusa da dabbar bai kai ko kusa da abin da ake bukata a maganin sauti na asibiti ba.

Abin ya faro ne a jihar Fulorida ta Amurka. Wata malamar jami'a, Betsy Smith, ita ce ta fara lura a farkon shekarun 1970 cewa dolfin na wasa a hankali da ɗan'uwanta mai lalurar ƙwaƙwalwa. Ta yi shekaru tana gwaji da yara masu otizim, daga baya ta janye hannunta, ta fito fili ta soki yadda aka mayar da abin kasuwanci. Wanda ya yaɗa shi sosai wani masanin halayyar ɗan Adam ne, David Nathanson. Da na karanta yadda yake aikin sai na ajiye biro. Malami ne ke zaune da yaro a bakin ruwa yana koya masa kalma ko motsi. In yaron ya yi daidai, sai a bar shi ya taɓa dolfin. Ashe dabbar tukuici ce, kamar alewar da malamin allo ke ba wa ƙaramin da ya biya karatunsa. Koyarwar mutum ne ke yin ta. Shi kansa Nathanson a 2007 ya gwada da dolfin na roba mai motsi da inji, sakamakon ya fito kusan ɗaya da na mai rai.

Akwai binciken da ake yawan kafa hujja da shi, na 2005, wanda aka yi a ƙasar Honduras da mutum 30 masu ciwon damuwa. Waɗanda suka yi mako biyu suna iyo da dolfin sun fi samun sauƙi. Amma manya ne, kuma damuwa daban, otizim daban. Sannan malamai biyu na Jami'ar Emory, Lori Marino da Scott Lilienfeld, sun tattara binciken da aka yi suka tsefe shi a 1998, suka sake a 2007, suka ce babu wata hujja mai ƙarfi da ta nuna sauƙi mai ɗorewa. Yaron da aka ɗauke daga gida aka kai shi bakin teku, ga rana, ga ruwa mai ɗumi, ga iyayensa sun ajiye komai sun ba shi hankalinsu dukka, ai dole fuskarsa ta sake. Raba wannan da aikin dabbar shi ne abin da ba a yi ba. Ga kuɗi dubban daloli, ban da jirgi da masauki. Ga shi kuma dabba ce mai ƙarfi da aka tsare a kwarmi, an sha samun cizo da karayar haƙarƙari.

Muka isa Yelwan Yauri rana ta take. Ƙanwata ta kawo fura, muka gaisa, na tambayi maigidanta da yara. Auta yana tsakar gida gaban baho, yana ɗiban ruwa da marfin buta yana tsiyayarwa a hankali, yana kallon yadda rana ke wasa a cikinsa. Na kira shi bai waiwayo ba. Ta ce haka yake wuni in ba a ɗauke bahon ba.

Na faɗa mata komai, ban rage ba. Ta yi shiru tana murza bakin zanenta. Can ta ce, "To Yaya, ita matar da ke kuka a bidiyon, ƙarya take yi?" Na ce a'a, ban ce ƙarya take ba. Ta ga ɗanta cikin farin ciki, wace uwa ce ba za ta yi kuka ba? Abin da bidiyon bai nuna ba shi ne wata shida bayan sun koma gida. Ba ta amsa ba, ta tashi ta shiga ɗaki. Na ji nauyin abin a ƙirjina har la'asar.

Da rana ta yi sanyi maigidanta ya ce mu je bakin ruwa, akwai wani tsoho Basarke da suke mutunci. Muka tafi da Auta. Kogin Kwara a Yauri ba kamar kogin Argungu ba ne, faɗi gare shi har ido ya gaji, don tun da aka gama madatsar Kainji a 1968 ruwa ya taru ya mamaye tsibirai da yawa na Gungawa, aka tashe su zuwa tudu. Jiragen kwale-kwale na ta sauke kifi da itace da mutane, ƙaurin banda ya cika wurin.

Mun sami tsohon yana ɗinkin koma a gindin wata bishiya. Na gaishe shi, na nuna masa bidiyon. Ya riƙe wayar nesa da ido, ya kalla sau biyu.

"Malam, wanga ba namu ba ne. Shekarata saba'in bisa ruwan ga, ban taɓa ganin shi ba. Mu ayu muka sani."

Gaskiya ya faɗa. Dolfin na teku ne, akwai shi a gaɓar Afirka ta Yamma, wasu irinsa kuma na zaune a kogunan Amazon da Ganjis da Indus, amma babu shi a Kwara. Na ce, "Baba, ba ni labarin ayu." Nan fa bakinsa ya buɗe. Ya ce ayu ciyawar bakin ruwa yake ci, ba ya faɗa da kowa. Da dare yake fitowa kiwo, sai dai ka ga hancinsa ya ɓullo ya ja iska ya nutse. Macen nononta a hammata yake, ɗa guda take haifa ta yi ta yawo da shi. Ya ce a ƙuruciyarsa in aka kashe ayu gari ne ke ci, amma yanzu sai a shekara ba a ga ko sawunsa a ciyawa ba, hukuma ma ta hana kashe shi. Na tambaye shi man ayu da ake sayarwa a kasuwa, na sanyin ƙashi, na farin jini. Ya girgiza kai. "In duk man da ake saidawa na ayu ne, da ayu ya hi kihi yawa cikin ruwan ga."

Na zauna ina tunanin dabbobin nan biyu, duka masu shayarwa, duka masu numfashi irin namu, kowace an ɗora mata maganin da ba ta ce tana da shi ba, kuma kowace ita ke biyan kuɗin da ranta ko da 'yancinta. Mu ma nan muna da tamu maganar ruwan, mai ciwo. Yaro in ya zo da lalura sai a ce ɗan ruwa ne, an musanya shi. An faɗa wa ƙanwata haka a gidan biki, a gaban mutane, ta dawo gida ta kwana kuka.

Muna cikin hira sai tsohon ya miƙe zumbur, ya yi taku uku ya cafko hannun Auta. Yaron ya zare daga hannun babansa ba wanda ya ji, har ruwa ya kai masa gwiwa. Jikina ya yi sanyi, don na karanta wannan ma: yara masu otizim da yawa ruwa na jan su, suna sulalewa ba sallama, kuma nutsewa na cikin manyan abubuwan da ke kashe waɗanda suka ɓace daga gida. Gidan ƙanwata tafiyar minti goma ne zuwa nan.

Tsohon bai fito da shi ba. Ya tsaya tare da shi cikin ruwan, ya kira wani jikansa ya kawo gora. Ya kwantar da ƙirjin Auta a kanta, hannunsa ɗaya a ƙarƙashin cikinsa, yana tura shi a hankali yana dawo da shi. Ba ya yi masa magana, sai wani ɗan sauti a maƙogwaro. Auta, wanda ba ya yarda baƙo ya taɓa shi, ya saki jiki yana buga ruwa da tafin hannu.

"Ku riƙa kawo shi kullum la'asar," in ji tsohon. "Yaron da ka son ruwa haka, iyo aka koya mashi tun da wuri."

Da dare na ba ƙanwata labari. Muka yi magana mai tsawo a kan komawa wajen likita a nemi mai koyar da magana, da sanya sakata a sama inda hannunsa ba ya kaiwa, da yadda za ta riƙa riƙe marfin butar nan sai ya dube ta ko ya miƙo hannu kafin ta ba shi. Ba ta ce ta fasa sayar da fadamar ba, ban kuma matsa mata ba. Washegari na shirya zan kama motar Birnin Kebbi, sai ta ce in bari sai gobe, tana so in raka ta bakin ruwa da la'asar ta gani da idonta. Na mayar da jakata ɗaki.